Katako a hawa na 80: sharhi kan Richie's Plank Experience

Wasan ba shi da dogon labari. Za ka sa gilashin VR, wanda ke sa ka ga kanka a cikin duniyar wasan, ka shiga lif, ka danna maɓalli, ƙofa ta buɗe a hawa na 80, sai ga katako ya miƙe waje, motoci can ƙasa kamar tururuwa. Kamfanin Toast Interactive na Ostireliya ne ya yi shi. A wurin wasannin da na gwada shi a Abuja sun shimfiɗa katako na gaske a ƙasa, yatsun ƙafarka suna jin bakinsa, kuma wannan dabarar ce ta fi komai tasiri.

Na san sarai a kan tayil nake, amma jiki bai yarda ba. Gwiwa ta yi sanyi, tafin hannu ya jiƙe, ina jin bugun zuciyata har cikin kunne. Da na cire gilashin, da an ce in rantse zan ce na daɗe a kan katakon nan. Abokina ya nuna mini bidiyon da ya ɗauka, ashe ko minti ɗaya ban cika ba!

Masana sun san wannan. A 2007 masanin ƙwaƙwalwa David Eagleman da abokan aikinsa suka riƙa sako mutane daga tsayin mita 31 suna faɗawa cikin raga, an ɗaura musu wata na'ura a hannu mai walƙiyar lambobi da sauri. Tsoro bai sa sun iya karanta lambobin ba, wato idonsu bai ƙara sauri ba, amma sun ƙiyasta faɗuwar tasu ta fi ta wasu daɗewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayanin da suka bayar shi ne, in mutum ya firgita ƙwaƙwalwa takan adana komai dalla-dalla, sai daga baya abin ya yi maka tsawo. Ni shaida ne, har yanzu ina iya tuna ƙarar iskar da yadda katakon ya ɗan motsa.

Abin mamakin shi ne, da tsoro ya lafa na koma ɓangaren shawagi tsakanin gine-gine, sai lokaci ya riƙa gudu. Wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz a 2021 ya nuna haka: waɗanda suka fara wasa da gilashin sun wuce masu wasa a allo da fiye da minti ɗaya kafin su ji minti biyar ta cika. A wurin da ake biyan kuɗi da minti, wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma yaron da ke kula da wurin bai ce mini uffan ba sai da kuɗin ya ninka. Soson gilashin ma a jiƙe da gumin wani aka miƙo mini.

Wasan ya cancanci gwadawa, musamman da abokai, don kallon mai tsoro rabin nishaɗin ne. Mai ciwon zuciya ko mai yawan jiri ya haƙura. Saura kuma su saita ƙararrawa a waya, su sa wani ya tsaya kusa, don akwai masu yin tsalle da gaske.