Kokowa ko taekwondo: wanne ya fi wa ɗalibin jami'a a Tawa?

Ɗan ƙanwata ya shiga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ƙato ne, ƙirji kamar faifai. Ya ce mini: "Kawu, kokowa zan kama ko taekwondo?"

Kokowa dai ta gida ce. A nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta neman takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Hukumar kokowa ta ƙasa ke shirya ta, kowace jiha cikin takwas ta kawo ƴan kokowa goma. Ga kiɗa, ga kirari, ga layu a damtse, yashi na tashi, fili ya cika maƙil. Amma babu rabon nauyi. Ɗalibin da ya kwana kan littafi zai iya karo da wanda tun yana yaye ake kada shi a dandali. Kafin ma a kai can, sai ka tsallake zaɓen jiha.

Taekwondo baƙuwa ce daga Koriya, sai dai ta yi wa Nijar rana: Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo lambar azurfa a wasannin Olympics na Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Ana raba ƴan wasa bisa nauyi, kuma tana cikin wasannin jami'o'i na duniya. Matsalarta kuɗi: riga, hular kariya, sulken ƙirji, duk saye ne.

Zuciyata na wajen kokowa, ba na ɓoyewa. Amma na ce masa ya je ya auna nauyinsa, ni zan sayi rigar.