Inci uku da aka cire wa motata: yadda muka kwashe da garejin da ya datse rufin

Wata huɗu ke nan da na karɓo motata daga garejin da aka datse mata rufi, kuma sai yanzu na ga ya dace in faɗi yadda aikin ya kasance. Da a makon farko na rubuta, yabo zalla za ku karanta, don ɗoki bai sake ni ba. Da kuma ranar da ruwan sama ya fara sauka a kanta na rubuta, to da ba a ji da daɗi ba. Yanzu zuciya ta kwanta.

Motar Ford ce Model A, ƙirar 1930, mai ƙofa biyu, irin wadda masu harkar ke kira mai taga biyar. Ba a lissafa gilashin gaba: biyu na ƙofofi, biyu ƙanana a bayansu, sai ɗaya na baya. A kasuwar tsofaffin motoci ta Pomona na saye ta, gabas da Los Anjalas, bodi da casis kawai, injin ya daɗe da mutuwa. Ford ya ƙera Model A sama da miliyan 4, saboda haka ban ji nauyin sa mata zarto ba kamar yadda zan ji da a ce mota ce mai wuyar samu. Duk da haka akwai dattawa a nan da suke ganin yanka irin wannan mota kamar yanka ɗan mutum ne, kuma biyu daga cikinsu sun gaya mini hakan a fuskata.

Abin da nake so shi ne in mayar da ita hotrod, wato tsohuwar motar da aka sake wa fasali aka ƙara mata gudu, kuma hotrod mai dogon kai kamar akwatin lefe ba ta taɓa burge ni ba. Aikin da Amurkawa ke kira "cof" shi ne a yanke ginshiƙan da ke ɗauke da rufi, a cire wani yanki daga tsakiyarsu, a sauko da rufin a sake haɗawa da walda. Asalinsa ba ado ba ne. Samarin da ke tsere a busassun tafkunan hamadar Kalifoniya, irin su Muroc da El Mirage, daga baya kuma a filin gishiri na Bonneville da ke Yuta, su suka gano cewa in kan mota ya yi ƙasa, iska ba ta riƙe ta sosai. Kwalliya daga baya ta shigo. A bangon ofishin garejin da na kai motata akwai hoton wata shahararriyar mota Mercury ta 1951 mai datsattsen rufi da George Barris da ɗan'uwansa Sam suka yi wa Bob Hirohata, wadda aka yi gwanjonta a 2022 a kan sama da dala miliyan 2. Da na tsaya ina kallon hoton, mai garejin ya ce in daina, tawa ba za ta taɓa zama haka ba, kuma in gode wa Allah, don kuɗin aikin ma ba ɗaya ba ne.

Gaskiyarsa. Rufin Mercury duk lanƙwasa ne, ginshiƙanta a kishingiɗe suke, in ka sauko da rufin ba zai haɗu da inda ya baro ba, sai an ƙara masa tsawo ko an ƙara kwantar da ginshiƙan. Model A kuwa ginshiƙanta kusan a miƙe suke, gilasanta duk shimfiɗaɗɗu ne. Dattijon mai garejin ya ce ita ce motar 'yan koyo. Ni dai na ga yadda 'yan koyon za su sha wuya.

Ba zan ambaci sunan garejin ba. Ƙaramin wuri ne, dattijon da yaransa biyu, da awa suke lissafin kuɗin aiki. Ya ba ni ƙiyasi a rubuce, na biya kafin alƙalami, ya ce mako shida.

Wurin da ya fara cin kuɗinsa shi ne tun kafin a taɓa ƙarfe. Ni inci biyar na je da shi a baki, saboda hotunan da na cika wayata da su. Bai yi mini musu ba. Ya sa na shiga na zauna, ya ɗauko kwali ya manna shi daga ciki, inci biyar ƙasa da rufi, ya kuma rufe saman gilashin gaba da tef daidai wannan awo. Ya ce to tuƙa. Ni ba gajere ba ne. Wuyana ya karye gefe guda, abin da nake hange ta gaba bai wuce ramin akwatin wasiƙa ba. Ya sake gwadawa a huɗu, sannan a uku. A nan muka tsaya, tare da sharaɗin za a rage wa kujera tsayi. Rabin awa ya ɓata a kan wannan bai sa a lissafi ba, kuma a ganina wannan rabin awar ta fi duk waldar da ya yi daga baya amfani a gare ni.

Ranar yanka ya bar ni na tsaya ina kallo. Kafin zarto ya taɓa motar, sai da suka cire gilasai da ƙarafan da ke zagaye da tagogi, suka tokare cikin bodin da bututun ƙarfe, gicciye da tsaye, suka ɗiga musu walda. Dalili kuwa, da zarar rufi ya tashi, bodin yakan saki jiki ya buɗe kamar kwandon da aka cire wa baki, kuma in ya buɗe ƙofa ba za ta sake zama daidai ba har abada. Sannan suka zagaye motar da tef mai faɗin inci uku cif, gefensa na sama layin yanka na farko, na ƙasa na biyu. Layin ba a miƙe yake ba. A kowane ginshiƙi dattijon ya nemi wurin da sama da ƙasa suka fi kusa da zama faɗi ɗaya, nan ya sa alama. A baya kuma ya kewaye tagar, don na ce ba na so ta tsuke da yawa.

Yankan kansa bai kai awa biyu ba. Mu huɗu muka ɗaga rufin muka ajiye a kan tayoyi. Ban san zan ji komai ba, amma da na ga motar a tsaye babu kai, sai da gabana ya faɗi.

Da aka mayar da rufin, a nan na gane abin da nake biya. Bodin Model A yana ɗan tsukewa yana hawa sama, saboda haka bayan an cire inci uku, saman ya fi ƙasan ƙanƙanta, musamman a kusurwoyin baya. Sai ya riƙa tsaga ƙarfen a tsaye, tsagi siriri, yana buɗe na sama yana matse na ƙasa har bakinsu ya haɗu. A cikin ginshiƙai ya zura ƙarfe ya ƙarfafa mahaɗar. Waldarsa kuwa ɗigo-ɗigo ce: ɗigo a nan, ya tsallaka can nesa ya yi wani, ya dawo ya daddaki na farko da guduma a kan ƙarfen da ya tara ta ciki, ya jira ya huce. Ƙarfen bodi siriri ne, in ya sha zafi a wuri ɗaya sai ya murɗe. Na taso ina ganin masu fanal bita a Kano suna tayar da motar da aka fid da rai da ita da wutar kabait da guduma, kuma hannun dattijon nan ya tuna mini da su. Bambancin kawai, shi ba ya gaggawa, don agogo ni yake ci.

Da aka gama na zo da mayen ƙarfe na bi layin waldar da shi kaf. Ya kama ko'ina. Ma'ana ba a lafta fila an rufe ɓarna ba, ɗan shafe ne kawai. Ƙofofin, waɗanda su ma sai da aka yanke kawunansu aka daidaita hinjis na sama, da yatsa ɗaya nake rufe su. A aikin ƙarfe ba ni da abin cewa sai sambarka.

Yanzu ga inda muka saɓa.

Mako shida ya zama wata biyar. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne. Rufin Model A ba ƙarfe ba ne gaba ɗaya, tsakiyarsa katako ne aka gicciya aka rufe da leda, kuma da aka buɗe sai aka tarar katakon ya ruɓe, yana marmashewa a hannu. Dole aka yi odar sabo. Abin da ya ba ni haushi, mutumin da ya shekara da shekaru yana wannan aiki ya san katakon motar da ta haura shekara 90 da wuya ya kai labari. Me ya hana shi faɗa tun ranar ƙiyasi? Haka rage tsawon ƙarafan zagayen taga, da gyara na'urar ɗaga gilashi, da firam ɗin gilashin gaba mai buɗewa waje: babu ko ɗaya a takardar farko, duk daga baya suka riƙa ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe na biya abin da ya haura ƙiyasin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban ce ya cuce ni ba, don kowane aiki na gan shi da idona. Amma takardar da ya ba ni ta yanka da walda ce kawai, ni kuwa na ɗauka ta mota ce da zan shiga in tuƙa.

Ga rashin ɗaga waya. Sai in kira sau uku a mako ba amsa, sai na wanke ƙafa na je. Uwargida har ta fara tambaya, "Maigida, anya motar nan ba sayar da ita suka yi ba?"

Gilashi shi ya fi ɓata mini rai. Gilashin da aka gasa, irin na gefen motocin zamani, ba ya yankuwa, kana sa masa wuƙa zai tarwatse. Wanda ake yankawa shi ne mai fallaye biyu da roba a tsakani, kuma shi muka zaɓa a duk tagogin, don na asali na gefe in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Garejin ba su yanka gilashi da kansu, wani suke ba wa. Aka aika masa da samfurin kwali, ya dawo da na ƙofar direba ya gaza, in an ɗaga shi har ƙarshe ana iya zura ɗan yatsa ta sama. Aka mayar, aka sake jiran mako uku. Dattijon ya ɗauki asarar, na yaba masa, amma mako ukun nawa ne. Bayan na karɓi mota kuma, ruwan farko da aka yi ya shigo ta kusurwar tagar baya ya jiƙa bayan kujera. Na mayar, suka sake zaunar da gilashin a yini ɗaya ba su karɓi ko sisi ba. Tun daga nan ba ta sake yoyo ba, ko da yake ruwan Kudancin Kalifoniya ba wani gwaji ba ne.

In wani ya tambaye ni ko ya kai tasa can, zan ce ya kai, amma ya zauna da dattijon su rubuta komai: katako, ledar rufi, gilashi, ƙarafan taga, kujera, da wanda zai biya in gilashi ya zo ba daidai ba. Ya kuma tambayi dokar jiharsa a kan gilashin gaba kafin a yanka, don jihohin Amurka ba su zama ɗaya ba a wannan. Sannan ya ninka lokacin da aka faɗa masa sau uku ya sa a ransa.

Tuƙa ta kuwa sai da na sake koyo. In na tsaya a sahun gaba a danja, ba na ganin fitilar sai na sunkuya na leƙa kamar mai neman jinjirin wata. Dattijon ya ba ni wani ɗan gilashi mai kusurwa da ake kafawa a gaban direba, yana karyo hasken danjar ya kawo maka, irin wanda masu motoci masu rumfar gilashi ke amfani da shi tun shekarun 1950. Yana aiki. Zafi ma ya ƙaru a ciki, don iskar da ke tsakanin kaina da rufi ta ragu.

Abin da ni da dattijon duka ba mu lissafa ba shi ne hula. Ranar da aka gwada ni da kwali, kaina a sake yake. Juma'ar farko na ci ado, na kafa zannata, na sunkuya na shiga, sai ji na yi rufi ya danne ta har gira. Na gwada karkata ta, na gwada zamewa a kujera, duk a banza. A harabar masallaci wani Alhaji ɗan garinmu ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ciki, ya ce, "Malam, kuɗi ka biya aka yi maka wannan, ko haɗari ka yi?" Yanzu hular a kujerar gefe take tafiya, in na yi fakin in fito in sa ta a madubin ƙofa.