Jakar shuka da ƙasar kwakwa: abin da na gani bayan damina biyu

Gidan haya muke a Kano, tsakar gidan kuma siminti ne tun daga bakin zaure har ƙofar banɗaki, ko inda kaza za ta yi tono babu. Mai gidan ya riga ya ja mana kunne kada a fasa masa ko taku ɗaya. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a sayen lemun tsami, hannu kawai ake miƙawa. Shi ya sa da na ci karo da tallar wata mai sayar da kayan lambu a Facebook, ban tsaya dogon nazari ba na tura kuɗi.

A watan Yunin bara kayan suka iso: jakar shuka uku masu hannu, na wani yadi mai kauri kamar bargo, farantin rainon iri na roba mai ramuka 50, dunƙulen ƙasar kwakwa guda, sai dashe uku, wato lemun tsami da mangwaro masu aure (waɗanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin wani), da gwaiba.

Ƙasar kwakwar nan ɓawon kwakwa ne aka niƙa aka matse ya zama kamar bulo. Da na jefa shi a baho na zuba ruwa, kafin in gama wanke-wanke ya kumbura ya cika bahon, yara suna ta ihu wai burodi ya tashi. Na ɗauraye shi sau biyu saboda yakan zo da gishiri, sannan na cika ramukan farantin. Tumatir ya tsiro cikin mako guda. Attaruhu ya ja rai har kusan mako biyu, dama halinsa ke nan. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan: ƙasar tana riƙe laima ba tare da ta caɓe ba, ba ta daskarewa kamar jar ƙasa, kuma ranar dashe da yatsa kawai ake turo tsiron ta ƙasan ramin ya fito da saiwarsa cif.

Gwanda ce ta ba ni kunya. Daga yanka ta na kwashi 'ya'yan na zuba a ramuka goma, na jira wata guda, ko ɗaya bai leƙo ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo karɓar garwashi ta tarar ina tona ramukan da tsinke. Ta ce, "Ke 'yar nan, da rigarsu kika binne su?" Ashe wannan fatar mai santsi da ke lulluɓe da ƙwayar ita ke hana ta tsirowa. Inna ta sa na murza su da toka a cikin tsumma har suka yi kaushi, na wanke, na shanya a inuwa kwana biyu. Cikin mako uku bakwai suka fito. Ita ce kuma ta ce mini irin lemu akasin haka yake, in ya bushe ƙayau ya lalace, ɗanyensa ake shukawa.

Abin da mai kayan ba ta gaya mini ba, kuma ya kamata ta faɗa, shi ne ƙasar kwakwa ba ta da abinci. Tsiro na fitar da ganyen gaske sai ya tsaya cak ya fara rawaya. Sai da na koma ina gauraya ta da ruɓaɓɓen kashin awaki da na tankaɗe kafin suka farfaɗo. Farantin shi ma ba ya son rana. Wanda ya bar shi a fili zai tsince shi yana karyewa kamar ƙwaryar da ta tsufa.

To, sai jakunkunan, waɗanda su ne suka fi cin kuɗina. Da damina na yaba musu ƙwarai. A watan Agusta, lokacin da ake kwana ana ruwa, tukwanen furen maƙwabta sun cika sun yi tsami, nawa kuwa ruwan ta ko'ina yake tsiyayewa, saiwa ba ta ruɓa ba. Hannuwan ma sun yi rana, mu biyu muke ɗaga jaka mu kai ta lungu idan iska ta taso.

Hunturu na shigowa labari ya sha bamban. Abin da ya sa jakar ke zubar da ruwa da damina, shi ne ya sa take shan iska ta kowane gefe da rani. A watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, in na ba da ruwa bayan asuba, kafin la'asar ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin yadin. Ga simintin yana gasa ta ta ƙasa. Mu kuwa ruwanmu a hannun mai kura yake, jarka-jarka muke saye. Na ɗora jakunkunan a kan bulo, na rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa, abin ya ɗan yi sauƙi, amma ban daina ban ruwa sau biyu a rana ba. Daga ƙarshe na sa aka raba mini tsohon duron roba biyu, aka huda gindinsa da ƙusa mai zafi, na mai da lemun ciki. Tun daga nan sau ɗaya ya wadatar.

Mangwaron dai ni na yi masa illa, ba jaka ba. Wani reshe ya fito daga ƙasan inda aka ɗaure auren, ganyensa shar, yana ta tsawo, ni ina murna. Na sama kuwa kullum sai ƙanƙancewa yake. Da na nuna hotonsa ga wani tsoho mai rainon itatuwa a bakin titi, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, ai uwargida ce ta danne amarya. Duk abin da ya tsiro ƙasa da ɗaurin, a cire shi tun yana ƙarami." Na yanke, amma na makara, saman ya riga ya bushe. Ko da ya rayu ma, ban ga yadda jaka irin wannan za ta riƙe mangwaro shekaru ba.

Gwaiba ce ta fi kowa haƙuri da jakar. Matsalarta ɗaya farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a bayan ganye, tururuwa na hawa da sauka a kansa. Ganyen darbejiya nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗiga sabulun ruwa kaɗan, in fesa da yamma. Takin zamani NPK 15-15-15 kuwa cokali ɗaya nake barbaɗawa a gefen jakar, nesa da gindi, in bi da ruwa. Ɗanyen kashin kaji na gwada sau ɗaya, bakin ganyen ya ƙone, ban sake ba. Bana gwaibar ta ba mu 'ya'ya tara, tsuntsaye sun riga mu biyu.

Farantin da ƙasar kwakwa zan sake saye ba tare da shawara da kowa ba. Jakar kuwa ta tumatir ce da attaruhu, sai mai famfo a gida. Bishiya a wannan garin duro take so.

Lemun ya yi fure bayan ya koma duron, yanzu yana ɗauke da 'ya'ya huɗu kamar gurjiya. Maigidana ya zauna ya lissafa jarkokin da suka sha, ya ce ko a Makka bai taɓa jin lemun tsami mai wannan tsadar ba. Na ce masa ya jira su nuna tukuna.