Saudiyya ta ware wa 'ya'yanta ayyuka, me ya hana Najeriya yin haka?

Assalamu alaikum. Malam ya kawo tambaya a zauren nan cewa ƙanensa ya gama digiri, ya gama hidimar ƙasa, har yau yana zaune a gida, alhali kullum ana jin labarin Saudiyya na karɓe ayyuka daga hannun baƙi tana miƙa wa 'ya'yanta. Ya ce me zai hana Najeriya ta yi haka, ga 'yan Sin da Indiyawa da Kwarori a kamfanoninmu?

Allah ya gafarta Malam, Najeriya ma tana da irin wannan doka, ta kuma yi aiki a inda aka sa ta. Sai dai ba ita za ta raba ƙanenka da zaman kashe wando ba, don ciwon ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Bari in ajiye su kafaɗa da kafaɗa.

A fara da yawan baƙin. Ƙidayar Saudiyya ta 2022 ta samu mutum miliyan 32.2 a ƙasar, miliyan 13.4 daga ciki baƙi ne, wato sama da kashi 40 cikin 100. Kafin 2011, in ka jera ma'aikata goma na kamfanoni masu zaman kansu, kusan tara baƙi ne: Indiyawa, 'yan Pakistan, 'yan Bangladesh, Misirawa, 'yan Filifin, 'yan Yaman da Sudan. Su ne a kanti, su ne a kemis, su ke riƙe da lissafin kamfani. Aiki na nan birjik, ɗan ƙasa ne ba ya cikinsa, ko don albashin bai kai abin da yake so ba, ko don mai kamfanin ya fi son baƙon da takardar zamansa ke hannunsa. A Najeriya kuwa, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya sa baƙin da aka haifa a waje wajen miliyan 1.3, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Yawancinsu ma maƙwabta ne daga Binin da Togo da Gana da Mali da Nijar, masu gadi da ga-ruwa da aikin gini da ƙananan sana'o'i. Ba kujerarsu mai digiri ke nema ba. Hukumar NYSC kaɗai tana yaye sama da matasa 300,000 a shekara. Ko da a ce yau an sallami duk baƙon da ke zaune a ofis a Legas da Fatakwal da Kano, guraben da za su buɗe ba za su daɗe ba waɗanda ake yayewa sun cinye su, a koma gidan jiya.

Yanzu ga yadda Saudiyya ta yi nata. A 2011 ma'aikatar ƙwadago ta fito da tsarin Nitaƙat. Ana duba kowane kamfani bisa girmansa da irin sana'arsa, a ƙirga 'yan ƙasa nawa ya ɗauka, sai a jefa shi cikin wani launi: ja, rawaya, kore, ko matakin ƙoli. Daga baya an soke rawayan. Kamfanin da ya faɗa ja ba a ba shi sabuwar biza, ba ya iya sabunta takardun ma'aikatansa, kuma kamfanin da ke kore na iya kwashe masa ma'aikata ba tare da izininsa ba. Ka ga ba sai an tura jami'i ya je ya yi ciniki da manaja ba. Ma'aikacin kamfani yana cikin rajistar inshorar ma'aikata, albashinsa ta banki yake bi, biza kuma a hannun gwamnati take. Kwamfuta ce ke ƙirge, ita ke rufe ƙofa.

Bayan wannan suka bi sana'a-sana'a. A 2012 shagunan kayan mata na ciki suka koma hannun matan Saudiyya. A 2016 aka hana baƙo sayar da waya ko gyaranta. Duk wanda ya san kasuwannin waya na Jidda da Makka kafin lokacin ya san girgizar da aka yi. Sai kuma kuɗi: daga Yulin 2017 baƙo ya fara biyan riyal 100 duk wata a kan kowane mutum na iyalinsa, kuɗin ya yi ta hawa har ya kai 400, kamfani kuma yana biyan har riyal 800 a wata a kan ma'aikaci baƙo. Fiye da baƙi miliyan guda suka bar aiki a 'yan shekarun da suka biyo baya. 'Yan'uwanmu mazauna can, musamman marasa igama, wato takardar izinin zama, sun ɗanɗana kuɗarsu tun kamen da aka yi a ƙarshen 2013.

Ya yi aiki? A alƙaluma, ƙwarai. Rashin aiki tsakanin 'yan ƙasa ya kai kashi 15.4 a tsakiyar 2020 lokacin korona, ya sauko kashi 7 a ƙarshen 2024, wanda shi ne burin da suka fara sa wa kansu zuwa 2030. Amma kada a ba Nitaƙat ladan duka. Babban abin da ya motsa alƙaluman mata ne. A 2017 matan Saudiyya da ke aiki ko neman aiki ba su kai kashi 20 ba, yanzu sun kai wajen 35, kuma da ma su suka fi yawa cikin masu digirin da ke zaune. An ba su damar tuƙi a 2018, an sassauta sharuɗɗan aikinsu, ga kuɗin mai da ake zubawa a manyan gine-gine da yawon buɗe ido. Su kansu baƙin ba su ƙare ba, adadinsu ya sake hawa da aka fara waɗannan gine-gine.

Akwai kuma ha'inci. Kamfani kan rubuta sunan ɗan ƙasa a takardar albashi, ya riƙa ba shi wani abu duk wata yana kwance a gida, don kawai launinsa ya koma kore. Wani lokaci shagon da sunan ɗan ƙasa yake, baƙo ne mai jari da wahala, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Saboda toshe irin wannan ƙofa ne aka ce ba za a ƙirga ɗan ƙasa a matsayin cikakken ma'aikaci ba sai albashinsa ya kai riyal 3,000, a 2021 aka ɗaga zuwa 4,000.

Abin da ya fi shafar ƙanenka shi ne ayyukan farko da aka ƙwato na kanti ne da gadi da karɓar kuɗi. Mai digirin harhaɗa magani ba tsayuwa a shagon waya ya karanta ba. Sai daga 2020 suka taɓo ayyukan masu digiri da gaske: likitan haƙori, harhaɗa magani, injiniya, akanta. A 2025 suka ƙara ɗaga kason, misali kashi 65 na masu harhaɗa magani a asibitoci, akantoci kuma kashi 40 da niyyar kaiwa 70 cikin shekaru biyar.

Namu kuma fa? Dokar shigar da 'yan ƙasa harkar mai da iskar gas, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Afrilun 2010, ta fi yadda mutane ke zato tsauri. Ƙananan muƙamai da matsakaita na 'yan Najeriya ne kaɗai. Baƙi ba za su wuce kashi 5 cikin 100 na muƙaman shugabanci ba. Kowane baƙo sai an haɗa shi da ɗan ƙasa mai koyo a ƙarƙashinsa, bayan shekara huɗu kujerar ta dawo hannun ɗan gida. Ana cire kashi 1 na kuɗin kwangila a zuba a asusun horarwa da tallafa wa kamfanonin gida. Hukumar NCDMB da ke Yenagoa, mai sa ido kan wannan doka, na cewa rabon 'yan ƙasa a harkar ya tashi daga wajen kashi 5 zuwa sama da 50. Ko an rage wani abu a wannan adadi, canjin a bayyane yake. Matsalar ita ce harkar man fetur kuɗi take ci, ba mutane ba. Ba ta ɗaukar ko kashi 1 cikin 100 na masu aiki a ƙasar, kuma kusan duk aikin a kudu yake.

A sauran fannoni abin da ake da shi shi ne kason baƙi da ma'aikatar cikin gida ke ba kamfani, shi ma da sharaɗin mai koyo. A nan ƙorafin Malam yana kan hanya. An daɗe ana kukan cewa ana shigo da mutum da sunan ƙwararre a same shi yana aikin da ɗan sakandare zai yi, mai koyon kuma a takarda kawai yake. Wannan ya cancanci gyara. A Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta gwada hanyar Saudiyya ta haraji: dala 15,000 a shekara a kan darakta baƙo, 10,000 a kan sauran. Ƙungiyoyin masana'antu da 'yan kasuwa suka yi ca, ba a yi wata guda ba aka dakatar. Dalilin a fili yake. Kamfani ya fi buƙatar Saudiyya fiye da yadda take buƙatarsa, shi ya sa yake biya yana gunaguni. Mu kuwa roƙon masu jari muke su zauna, a daidai lokacin da wasu manyan kamfanoni ke naɗe tabarmarsu. Ga shi kuma hukumar ƙididdiga ta ce sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin aikin da ke da rajista. Wace kwamfuta ce za ta ƙirga ma'aikatan Kantin Kwari?

Inda nake ganin kwatancen ya fi amfani shi ne jami'a, don a nan ƙasashen biyu sun yi kuskure iri ɗaya. Saudiyya ta tashi daga jami'o'in gwamnati da ba su kai goma ba a farkon shekarun 2000 zuwa kusan talatin. A 2005 ta buɗe tallafin karatu na Sarki Abdallah, har ɗalibanta a Amurka kaɗai suka haura 60,000 a 2015. Da yawa suka dawo da takardar da kasuwa ba ta tambaya ba, suka shiga layin aikin gwamnati. Da farashin mai ya faɗi aka tsuke tallafin a 2016. A 2022 majalisar kula da jami'o'insu ta ba da umarnin a rage ɗaukar ɗalibai da rabi a fannonin da ba su dace da kasuwar aiki ba, a ninka a fannin lafiya da injiniya da fasaha da kasuwanci, kowace jami'a kuma ta riƙa bayyana nawa cikin ɗalibanta suka samu aiki, a wane fanni, a kan wane albashi. Ina da ja a kan yadda irin wannan mataki ke rena tarihi da adabi da harshe, ƙasa ba kamfani ba ce. Amma uban da zai biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin ganin alƙaluman kafin ɗansa ya cike fom.

A Najeriya jami'o'i sun haura 270, kusan mutum miliyan 2 ke rubuta JAMB duk shekara, kuma kowane ɗan majalisa burinsa a kafa jami'ar tarayya a mazaɓarsa. A Agustan 2025 majalisar zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai. Ministan ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ba su samu ko masu nema ɗari-ɗari ta JAMB ba, 34 babu wanda ya neme su ko ɗaya, kuma akwai wata jami'ar tarayya a Arewa mai ma'aikata 1,200 da ɗalibai ƙasa da 800. A zaman da aka yanke wannan hukunci aka kuma amince da sababbin jami'o'i tara masu zaman kansu. Tsayar da gini mataki ne, amma bai amsa tambayar da Saudiyya ta tilasta wa jami'o'inta ba: ina ɗaliban bara suke? Tsarin kashi 60 kimiyya 40 sauran fannoni ya daɗe a takarda. Alƙaluman rashin aikin ma ba sa taimaka wa mai tsarawa, tunda kashi 33.3 na ƙarshen 2020 ya koma 4.1 a farkon 2023 don an canja ma'auni, aka ce wanda ya yi aikin awa guda a mako ma'aikaci ne. A wannan lissafi, in ƙanenka yana taya wani tsaron shagon POS ranar Asabar, ya fita daga sahun marasa aiki.

Mu 'yan Arewa ma ba baƙin wannan siyasa ba ne. A shekarun 1950 gwamnatin Sardauna ta ce ɗan Arewa ne farko a aikin gwamnatin Jihar Arewa, in babu sai a ɗauki Bature a kan kwantiragi kafin a horar da na gida. Ta yi tasiri don guraben na nan a hannun wasu, kamar Saudiyyar yau, kuma an haɗa ta da makaranta: ana kwasar matasa zuwa Kongo a Zariya a koya musu aikin mulki da shari'a da akanta, kowa ya san kujerar da ke jiransa, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An ƙirga kujera tukuna aka gina aji. Yau ajin ake ginawa ba tare da an tambayi kujerar ba, don haka in muka tasa Indiyawan Sharaɗa da Bompai a gaba, mun bar jaki muna dukan taiki. Yawancin masana'antun da ya kamata su ɗauki yaranmu a waɗannan unguwanni rashin wuta da tsadar kaya ne suka rufe su, haka masaƙun Kakuri a Kaduna.

Malam bai faɗi abin da ƙanen nasa ya karanta ba. In yana hangen Saudiyyar kanta ne, ya dubi jerin sana'o'in da aka ware kafin ya ba wani ejan ko sisi. Likitoci da ma'aikatan jinya har yanzu ana nemansu, a 2021 ma an zo har Abuja ana tantance likitocinmu. Amma akanta, harhaɗa magani, aikin haƙori, kula da ma'aikata da sayar da kaya a kanti, ƙofarsu sai ƙara tsukewa take, kuma wanda ya shiga da bizar Umara da niyyar ya ɓuya ya nemi aiki, kamfanin da ke tsoron faɗawa ja ba zai ko karɓi takardunsa ba.