Shagon da ya buga mana atamfar coci a Adum

Masu tambayata inda muka buga ankon bikin godiyar girbi na cocinmu, wani shago ne a unguwar Adum, kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi ta ƙasar Ghana, wata dattijuwa Batoniya, wato 'yar ƙabilar Ashanti, ke riƙe da shi ita da ɗanta mai zane a kwamfuta. Aikinsu na da kyau, sai dai ku ba su lokaci.

Cocinmu nan gefen Asawase ne, a cakuɗe muke, Frafra da Dagarti da Kusasi da Mamprusi da Tonawa, Hausa ce ke haɗa yawancinmu. Tun zaɓen 7 ga Disamba 2024 da Mahama ya kayar da Bawumia wasu dattawa ko gaisuwar kirki ba sa yi, ga rikicin Bawku na tsakanin Kusasi da Mamprusi kuma da ke biyo mutane har cikin ɗakin sujada. To kwamiti ya zauna zaɓen kala, wannan ya ce shuɗi aka ce ai na NPP ne, jam'iyyar Bawumia, wancan ya ce kore aka ce lemar NDC ta Mahama kake so ka yafa mana, ja da baƙi kuwa a Kumasi kayan makoki ne, haka muka tashi ba a tsayar da komai ba.

Da muka kai wa dattijuwar mai shagon kukanmu dariya ta yi, ta ce 'ya'yana ba ku ne na farko ba, coci-coci da yawa sun zo da wannan ciwon. Ta ciro mana ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa, babu mai laƙaba su ga NPP ko NDC. Sannan ta ce a sa alamar adinkra, wato zanen gargajiyar Tonawa, ta kada biyu masu ciki ɗaya, Funtunfunefu, waɗanda ke faɗa kan abinci alhali tumbi guda yake tafiya. Gaskiya ta fi kwamitinmu sanin halinmu. A ƙasa aka rubuta Yohanna 17:21, addu'ar Yesu cewa dukansu su zama ɗaya, da Hausa da Tonanci da Turanci.

Yadin yana da kauri, bai kai atamfar kamfanin GTP laushi ba amma an wanke bai zuba ba, teloli ma ba su yi ƙorafi ba. Suna sayar da turmi yadi 12 ko rabi yadi 6, suna karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, rabin kuɗi kafin aiki.

Inda suka ɓata min rai, alƙawari. Ranar da suka ce ta wuce, kullum "gobe", har wasu mata ba su samu ɗinki ba sai daren Asabar. Kashi na biyu kuma ruwan ɗorawar ya ɗan fi duhu, in an jeru a ƙungiyar mawaƙa ana ganewa.

Dattawan nan da ba sa gaisawa dai sun sa rigar iri ɗaya ran Lahadi, kowa a bencinsa, ban ga sun yi musabaha ba. In za ku je ku kai aikin da wata biyu a hannu, kuma ku yi odar duka a tashi ɗaya.