Sharhi: Littattafan Makashin Gwamnati Mai Iyali, da Inda Suke Tuntuɓe

Duk mai leƙa teburan tsofaffin littattafan Turanci a Sabon Gari ya san samfurin: baƙin bango, mutum ya juya baya da bindiga a hannu, shafi 400 zuwa 500. Jarumin jami'in leƙen asiri ne da gwamnati ke turawa ya yi kisa, ga shi kuma da mata, wani sa'in har da 'ya'ya. Bayan karanta jerinsu, abin da muka gani shi ne a cikin gida ake gane gwanin marubuci.

Ɓangaren aiki yawancinsu sun iya shi: gidan ɓuya, sunan aro, yadda jami'i ke gane ana bin sawunsa ta hanyar shiga kanti ta ƙofa ɗaya ya fice ta wata. Kurakuran ma sanannu ne. Abin rage ƙarar bindiga ba ya kashe ƙarar, maƙwabci zai ji. Fasfon bogi kuma ya daina zama wasan yara. Waɗanda suka kashe Mahmoud al-Mabhouh, jigo a ƙungiyar Hamas, a otal a Dubai a 2010 da fasfon jabu suka shiga, amma kyamarorin tsaro suka watsa fuskokinsu a duniya. Littafi mai kyau yana kuma bayyana dalilin da ba a rubuta umarnin kisa a takarda: Shugaba Ford ya haramta wa jami'an Amurka kisan siyasa a 1976, Reagan ya jaddada haramcin a 1981. Don haka in asiri ya tonu, masu aiken cewa za su yi ba su san jami'in ba.

Iyalin ne matsalar. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe matar don miji ya samu hujjar ramuwa. Vince Flynn ya yi haka a Consent to Kill na 2005, inda bam ya hallaka matar jarumin littafin, Mitch Rapp, tana da juna biyu. Daniel Silva tun a The Kill Artist na 2000 ya gabatar da Gabriel Allon a matsayin wanda bam ɗin mota ya kashe ɗansa a Biyana, babban birnin Ostiriya, matarsa ta samu taɓin hankali. Abin yana sosa zuciya, amma in ka ci karo da shi a littafi na biyar, sai ka ji takaicin yadda aka mai da mace itacen hura wuta kawai. Mun fi ganin ƙimar marubucin da ya bar ta da ranta, ya zauna yana lissafin ƙarya: me zai ce game da ɗinkin da ke kafaɗarsa, daga ina albashi ke shigowa, wa zai ɗauko yara daga makaranta ranar da waya ta mutu kwana tara. Kaɗan ne kuma ke tuna cewa wanda ake harbin ma yana da iyali. A Lillehammer ta Norway a 1973, jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, sun harbe Ahmed Bouchikhi, ɗan Maroko mai aikin gidan abinci, bisa kuskure, a gaban matarsa mai ciki.

Mai karatu a Kano zai ga wani giɓin da Bature ba zai gani ba. Magidanci ya ɓace kwana goma, ba a gan shi a sahun asuba ba, bai zo suna ba, bai leƙa majalisa ba? Kafin mako ya zagayo Hajiya ta aiko a ji ko lafiya, 'yan'uwan matar sun fara bincike. Marubutanmu masu sakin irin wannan labari a WhatsApp da Wattpad su lura da wannan, su kuma daina cakuɗa hukumomi: tun 1986 da aka rushe NSO, tsohuwar hukumar leƙen asirin Najeriya, DSS ke kula da cikin gida, hukumar NIA kuma da ƙetare. Tun ƙarshen 2020 kuma aka fara haɗa layin waya da lambar NIN, saboda haka sayen sabon layi a bakin titi ba ya ɓatar da sawu kamar da.

Wajen saye, buɗe tsakiyar littafin ka tanƙwara shi kaɗan. Bugun satar fasaha gam ɗinsa busasshe ne, hunturu ɗaya shafuka sun zube. Duba lambobin shafi 30 na ƙarshe, nan aka fi samun tsallake. In jerin labari ne, nemi na farko, don na gaba yakan tona mutuwar matar tun a babin farko.