Kindirmo, yogot ko kafso: wanne ya cancanci kuɗinka idan kana son gyara hanji?

Tunda maganar cewa ƙwayoyin hanji, wato bakteriyar da ke zaune a cikinmu, suna da hannu a ƙiba da ciwon suga ta bazu a waya, masu ciwon suga da masu fama da teɓa a Birnin Kebbi suka samu sabuwar hanyar kashe kuɗi. Maganar kuma tana da tushe. A jikin baligi akwai bakteriya kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. A 2006 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ɗebi ƙwayoyin hanjin ɓeraye masu ƙiba suka sa wa ɓerayen da ba su da ko ɗaya, sai waɗannan suka tara kitse fiye da waɗanda aka ba na ramammu. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma an gano yadda abin yake aiki: ƙwayoyin suna cin dusar abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su rage kumburi, su taimaka wa jiki ya ji insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini.

To me za ka saya?

Kafson da ake cewa yana ɗauke da ƙwayoyi masu rai, ni ban ga dalilinsa ba. Yana da tsada, kuma abu mai rai da ya kwana a kantar kemis cikin zafin Afrilu, ba wuta ba firji, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a ciki. Yogot na roba kuwa, juya ka karanta bayansa. Yawanci suga ne na biyu ko na uku a jerin kayan haɗi, wasu ma an sake dafa su bayan sun yi tsami don su daɗe a shago, ka ga ƙwayoyin sun mutu ke nan. Mai ciwon suga ya bar shi inda ya gan shi.

Nawa zaɓin kindirmo ne, na ƙwarya, wanda Fulani ke kawowa daga ruga. Ana tafasa madarar, ta huce, a zuba mata ɗan tsohon nono, a rufe ta kwana. Wannan tafasawar ita ce ta sa na fifita shi a kan nonon da ba ka san yadda aka yi shi ba, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wasu cututtuka. Ƙwayoyin da suka kama shi suna nan da ransu lokacin da kake sha, sun kuma riga sun cinye wani ɓangare na zaƙin madarar, shi ya sa wanda madara ke ɓata wa ciki yakan sha kindirmo lafiya. A 2021 wani bincike na Jami'ar Stanford ya nuna waɗanda suka riƙa cin abinci mai tsami irin wannan na mako 10 sun samu ƙarin ire-iren ƙwayoyin hanji, alamun kumburi a jininsu kuma suka ragu.

Sai dai kindirmo shi kaɗai kamar sayen shanu ne ba ka tanadi harawa ba. Abincin ƙwayoyin shi ne gero da dawa da ba a surfe su tas ba, da wake, kuɓewa, kuka, zogale. A 2010 an gwada hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake irin namu, da na yaran birnin Florence a Italiya. 'Yan ƙauyen ne suka fi yawan ire-iren ƙwayoyi da waɗancan sinadarai masu amfani. Mu kuma nan Kebbi, tunda Allah ya hore mana fadama, farar shinkafa muke ci safe da dare, wadda inji ya goge ta fes.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ba duk farin abu mai kauri a ƙwarya ne kindirmo ba. An taɓa sayar min da wanda ya tsaya cak a ludayi, na kai gida ina yabo, ashe madarar gari ce aka dama da sitaci. Tun daga nan kaurin nono ya daina burge ni. Na gaske yana da maiƙo mai ɗan ɗorawa a samansa, idan ka yanka shi da ludayi yana tsagewa, wani ruwa-ruwa ya taru a gurbin. Na sitaci yana jan yauƙi, yana manne wa dasashi, ƙanshin shanu babu. Idan kana shakka, ɗebi cokali ɗaya gefe ka ɗiga masa aidin na wanke ciwo: in ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, akwai sitaci. Zubar da wannan cokalin, kada ka sha. Ga mai ciwon suga wannan ha'incin ba na kuɗi ba ne kawai, sitaci suga yake zama a jini.

Akwai masu tsinka shi da ruwa su ƙara garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Kukar ba ta cutarwa, ruwan ne abin tsoro, don ba ka san daga wace rijiya aka ɗebo shi ba. Akwai kuma mai damawa da za ta zabga maka suga kafin ka buɗe baki. Ka riga ta: “Inna, ban da suga, furar ma rabi.” Gero yana da amfani, amma curi uku na fura za su ɗaga suga ko da nonon na kirki ne.

Mafi muni su ne masu mota da lasifika a bakin kasuwa, da jarkar “wankin hanji” mai narkar da teɓa ta kuma kori suga cikin mako guda. Galibi gudawa suke sa mutum, ya ga cikinsa ya lafe ya ɗauka kitse ne ya zube, alhali ruwan jikinsa ne. Ko ka ga lambar NAFDAC a jiki, ba ita ce shaidar abu yana warkar da suga ba, kuma lamba ma ana buga ta jabu. Duk wanda ya ce ka ajiye metformin ɗinka, maganin suga na asibiti, saboda jarkarsa, ko ma saboda kindirmo, wuce shi.

Ka samu mace ɗaya da ka yarda da ita, ka riƙa saye a wurinta da safe kafin rana ta bugi ƙwaryar, ka je da kwanonka mai murfi. Idan kana da na'urar gwajin suga, gwada awa biyu bayan ka sha, za ka ga adadin furar da jikinka ke iya ɗauka.